Babi na Biyar: Sai Masu Gida?

Duk gidan kallon da ka shiga, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, da wuya ka rasa mai wannan burin: wata rana in Allah ya hore masa ya je Ingila ya ga ƙungiyarsa ido da ido. Kafin ya rufe baki sai wani daga bencin baya ya kwaɓe shi, ya ce ai samun biza ma ya fi samun tikitin sauƙi, don sai 'yan gari sun ɗiba sun rage. Nan musu zai kaure. "To mu da muke hana idonmu barci saboda su, muke sayen rigarsu, me ɗan Landan ya fi mu da shi?" Wani dattijo kuma ya ce, "Haba samari, garinsu ne fa. Kai za ka yarda a tare ka a bakin filin Ƙofar Mata don wani ya zo daga nesa da kuɗi?"

Tambayar da wannan babi zai bi ke nan. Idan kujeru suka yi kaɗan, masu so suka yi yawa, wa ya kamata ƙungiya ta fara sayar wa tikiti: wanda yake jiyo ihun fili daga tsakar gidansu, ko duk wanda ya riga wani miƙa kuɗi? Gara in faɗi tun yanzu cewa ni ma a wannan shari'ar baƙo ne. Ƙungiyar da nake goya wa baya a Turai ban taɓa taka unguwarta ba. Duk hukuncin da na yanke wa baƙi, har da ni a ciki.

Kujera ba ta haihuwa

Mu fara da lissafi. Old Trafford, filin Manchester United, wanda ya fi na kowace ƙungiya girma a Ingila, mutum dubu 74 da 'yan kai yake ɗauka. Emirates na Arsenal wajen dubu 60. Anfield na Liverpool, bayan faɗaɗa shi da aka yi, dubu 61. A kakar Firimiya kuwa wasa 19 kacal kowace ƙungiya take yi a gida. Magoya bayan kowace daga cikinsu a duniya, sai dai a yi maganar miliyoyi.

Waɗannan kujerun ma ba duka ake kai wa kasuwa ba. Kaso mafi tsoka yana hannun masu tikitin kakar wasa, waɗanda suke biyan kuɗin shekara gaba ɗaya, kuma kowace shekara su ake fara ba damar sabuntawa. Dokar gasar ta ce a ware wa magoya bayan ƙungiyar da ta zo baƙunta kujera dubu uku, ko kashi goma cikin ɗari idan filin ƙarami ne. Sai ɓangaren manyan baƙi, inda ake haɗa wa mutum kujera da abinci da abin sha a farashin da ya ninka na sauran sau da yawa. Sai kamfanonin da ke ɗaukar nauyi, sai iyalan 'yan wasa. Ɗan abin da ya rage shi ake sayar wa mambobi, wato mutanen da suke biyan kuɗin rajista duk shekara don kawai a bar su su gwada sa'arsu. Wanda ya taɓa kwana a layin man fetur ya san wannan yanayi, bambancin kawai shi ne a nan sai ka biya kafin ma a bar ka ka shiga layin.

Ƙungiyoyin 'yan kwadago

Kafin a ce wa ya fi cancanta, ya kamata a san mafarin abin. Manchester United ta samo asali ne a 1878 daga ma'aikatan jirgin ƙasa na unguwar Newton Heath. Arsenal, ma'aikatan masana'antar ƙera makamai ta Woolwich ne suka kafa ta a 1886, shi ya sa har gobe igwa ce a tambarinta. West Ham kuwa daga maƙeran jiragen ruwa na bakin kogin Thames ta fito a 1895. Hatta al'adar take wasa da ƙarfe uku na yammacin Asabar tana da nasaba da tashin ma'aikata daga aiki da rana tsaka a ranar. Mutum ya fito daga masana'anta, ya biya 'yan sulallansa a bakin ƙofa, ya tsaya da ƙafarsa cikin dubban maƙwabtansa. Haka aka yi ta yi kusan shekara ɗari.

Abu biyu ne suka sauya wannan. Na farko masifa ce. Ranar 15 ga Afrilun 1989, turmutsutsu a filin Hillsborough da ke Sheffield ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Kwamitin bincike na alƙali Taylor ya ba da shawarar a daina kallo a tsaye a manyan filaye, kowa ya samu kujera. Zuwa 1994 an aiwatar. Rayuka sun tsira, amma wurin da a da yake ɗaukar mutum biyu ko uku a tsaye ya koma na mutum ɗaya a zaune, farashi kuma ya fara hawa.

Na biyu, a 1992 aka kafa gasar Firimiya, talabijin mai tauraron ɗan'adam ya shigo da kuɗin da ba a taɓa gani ba. Kwanon da aka kafa a rufin gidan kallon unguwarmu, wanda ya kawo mana 'yan wasa irin su Kanu da Henry har gida, shi ɗin dai ne ya mai da ƙungiyar unguwa hajar duniya. Mu ya buɗe mana taga. Ɗan unguwar kuwa, sai ya wayi gari yana gogayya da duniya a ƙofar gidansu.

Minti na 77

A farkon 2016 masu Liverpool, wani kamfanin Amurka, suka sanar da cewa wasu kujerun sabon ɓangaren filin za su kai fam 77 a wasa guda. Ranar 6 ga Fabrairu ƙungiyar tana karɓar baƙuncin Sunderland, tana gaba da ci biyu da nema. Agogo na nuna minti na 77, sai mutane suka fara miƙewa. Ba faɗa, ba jifa. Layi bayan layi suka bi matakala suka fice, mutum wajen dubu goma, cikinsu har da tsofaffin da ba su taɓa barin wasa bai ƙare ba. Kafin alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi, Sunderland ta farke ƙwallo biyun, aka tashi biyu da biyu. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye ƙarin, suka kuma ba da haƙuri a rubuce.

A kakar da ta biyo baya Liverpool ta fara ware wasu tikitoci a kan fam 9 ga mazauna birnin, waɗanda lambar adireshinsu ta gidan waya ta fara da harafin L. Ba su da yawa idan aka auna da girman filin, amma sun nuna cewa fifita ɗan gari ba mafarki ba ne, ana yi. A wannan shekarar ce kuma gasar Firimiya ta ƙayyade cewa tikitin mai bin ƙungiyarsa wasan waje kada ya wuce fam 30.

Me ya sa ƙungiya za ta so baƙo fiye da ɗan gida tun farko? Ba ƙiyayya ba ce, ciniki ne. Mai tikitin kakar wasa yana zuwa daf da take wasa, da rigar da ya saya shekara biyar da ta wuce, ya ci abincinsa a gida, ana tashi ya kama hanya. Baƙon da ya zo daga Koriya ko Amurka ko Najeriya, wanda wataƙila zuwansa ke nan na farko kuma na ƙarshe, tun safe yana filin. Zai shiga kantin ƙungiya ya sayi riga tasa da ta yara da ta abokai, ya biya a zagaya da shi gidan tarihi, kuma ko nawa aka ce tikiti ba zai tsaya ciniki ba. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san wanda ya fi daɗin ciniki tsakanin maƙwabci mai cewa "a rage mana, mu na gida ne" da baƙon da mota ke jira. A ƙarshen 2024, da Manchester United ta mayar da ragowar tikitocin mambobi fam 66, ba ragi ga yaro ba ragi ga tsoho, wannan lissafin ne mutane suka hango, suka fito zanga-zanga.

Me ake sayarwa?

A nan ne nake ganin lissafin ɗan kasuwar ya karkace. Ya ɗauka abin da yake sayarwa shi ne mutum 22 da ƙwallo. A 2020 annobar korona ta gwada mana wannan. An dawo da wasa ba 'yan kallo, 'yan wasan nan dai ne, filayen nan dai ne, amma abin ya zama kamar miya ba gishiri. Kana jin koci yana daka tsawa, kana jin ƙarar ƙwallo a ƙafa, kamar atisaye. Har sai da gidajen talabijin suka riƙa sanya ihun 'yan kallo na naɗe don rufe kunya. A gidan kallon da nake zuwa, wani mai shayi ya leƙo ya kalli allon na ɗan lokaci, ya ce wannan ai zaman makoki ne da gajeren wando.

Ihun nan da waƙe-waƙen nan ba daga sama suke faɗowa ba. Mutanen da suka shekara ashirin suna zama kusa da juna ne suke yin su, waɗanda suka san wanda ke ɗaga waƙa da wanda ke amsawa, suka san lokacin da ƙungiya ke neman a tashe ta. Baƙo yana da ƙauna, amma hannunsa na riƙe da waya yana ɗaukar hoto, kuma ba laifinsa ba ne, tsaraba yake haɗawa. Tun a shekarar 2000 Roy Keane, kyaftin ɗin Manchester United a lokacin, ya yi ƙorafin cewa wasu masu zuwa Old Trafford sun fi mai da hankali ga ciye-ciye a ɗakunan manyan baƙi fiye da abin da ke faruwa a fili.

Ku dubi Hawan Daushe a Kano. Baƙi suna zuwa daga ƙasashe, a ba su wuri mai kyau a inuwa, su ɗauki hotuna, kuma ana murna da zuwansu. Amma me suka zo gani? Mahayan gari ne, da makaɗa, da 'yan bindiga, da dandazon talakawan da suka cika hanya suna jinjina. A ce wata shekara an kori mutanen gari an cika wurin da baƙi zalla saboda su ne masu biya, baƙin da kansu za su tambaya ina hawan yake. Haka filin ƙwallo. Ɗan gari ba mai saye ba ne kawai, yana cikin kayan da ake sayarwa.

Mu da muka san Kano Pillars ba sai an yi mana dogon bayani ba. Shekara 12 ƙungiyar ta yi ba a doke ta a gida a wasan lig ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. 'Yan wasa sun zo sun tafi a tsawon shekarun nan, masu horarwa sun sauya. Abin da bai sauya ba shi ne jama'ar da ke cika filin Sani Abacha tun rana na tsaka suna amsa kirarin da ya zama sunan wannan babi.

Barcelona kuwa ta ɗanɗana kishiyar haka. A Afrilun 2022, a gasar Europa, kujera wajen dubu biyar aka ware wa magoya bayan Eintracht Frankfurt ta Jamus a Camp Nou, filin Barcelona. Sai ga mutum kusan dubu 30 cikin fararen riguna sun mamaye filin, masu gida suka koma kamar baƙi, aka kuma ci su uku da biyu. Shugaban ƙungiyar, Joan Laporta, ya ce abin kunya ne. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari: wasu daga cikin kujerun nan na 'yan gida ne da suka sake su saboda kuɗi.

Hujjar baƙo

Duk da haka, saurayin nan na gidan kallo bai yi ƙarya ba. Daga zagayen kwantiragin da ya fara a 2022, kuɗin da Firimiya ke samu daga sayar da haƙƙin nuna wasa a ƙasashen waje ya zarce wanda take samu a cikin Birtaniya. Ɗan kuɗin da kake miƙa wa mai gidan kallo a bakin ƙofa, ta hanya mai nisa, yana cikin albashin ɗan wasan da kake yi wa tafi. Ƙungiyoyin ne da kansu suka zo neman mu. Suna yawon wasannin share fage a Amurka da Asiya, suna buɗe shafuka cikin harsuna iri-iri. Nwankwo Kanu ya jawo wa Arsenal 'yan Najeriya daga 1999, Mikel Obi ɗan Jos ya yi wa Chelsea haka daga 2006, kamar yadda Son Heung-min ya cika filin Tottenham da tutocin Koriya ta Kudu. Ba a gayyatar mutum biki sannan a ce masa ya tsaya a waje.

A 2024 Ange Postecoglou, kocin Tottenham a lokacin, wanda ya tashi a Ostareliya yana kallon ƙwallon Ingila cikin dare, ya nuna rashin jin daɗinsa da yadda ake kiran masu zuwa daga nesa magoya bayan bogi. Ya yi gaskiya. Wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru don ya ga wasa ɗaya ba a ce masa ɗan yawon buɗe ido.

Wane ne ma ɗan garin?

Ga inda gizo ke saƙar. A ce an yarda a fifita ɗan gari, da me za a gane shi? Idan da adireshi ne, mutumin Birkenhead yana hango birnin Liverpool a tsallaken kogin Mersey, amma lambar adireshinsa ba da L ta fara ba. Old Trafford kansa ba a cikin ƙaramar hukumar birnin Manchester yake ba. A Landan kuwa gidajen da ke kewaye da filayen Arsenal da Chelsea sun yi tsadar da jikokin ainihin magoya bayan da yawa sun daɗe da ƙaura zuwa bayan gari. Ka bi adireshi ido rufe, sai ka fifita attajirin da ya tare bara, ka bar wanda kakansa ya tsaya a filin tun kafin yaƙin duniya. Ga kuma mutanen Ayalan da Nowe da suka shekara talatin suna hawa jirgi duk mako biyu don zuwa Anfield. Su baƙi ne?

Mu 'yan Najeriya bai kamata a koya mana haɗarin wannan tambaya ba. Mun san abin da takardar shaidar asalin jiha ta yi wa mutumin da aka haifa a gari, aka haifi ubansa a garin, amma ranar neman gurbin karatu aka ce masa baƙo ne. Ba zan so a kai wannan ciwon filin ƙwallo ba.

Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suka fi dogara da tarihin zuwa: wanda ya fi halartar wasanni, har da na ranar sanyi da ƙananan ƙungiyoyi, shi ake fara kira ranar babban wasa. Wannan ya fi kusa da adalci, don yana auna wahala, ba wurin haihuwa ba. Amma shi ma yana da rami. Ba ka samun tikiti sai kana da tarihi, ba ka da tarihi sai ka samu tikiti. Yaro ɗan shekara sha biyar da ke bayan katangar filin, ta ina zai fara? Kujeru suna nan a hannun iyaye da kakanni, 'yan kallo suna tsufa, masu sabuwar murya suna gida gaban talabijin kamar mu.

Rabon da nake gani

Ra'ayina shi ne a fifita masu gida, amma da awo. Mafi yawan kujeru su tsaya a hannun masu zuwa kullum, ko daga ina suke tasowa. A ware wani kaso na gaske, ba na ganin ido ba, mai rahusa, ga matasa da masu ƙaramin ƙarfi na kewayen filin, don su ne irin da za a shuka baɗi. Sannan a bar ƙofa ta halal ga na nesa, ta hanyar ƙuri'a ko ta ƙungiyoyin magoya baya na ƙasashe, a farashin da aka rubuta a jikin tikiti. Rabon wuri kaɗan ga jama'a mai yawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba ina haɗa ibada da wasa ba ne, amma mun ga yadda ake raba kujerun Hajji: kowace ƙasa da kasonta gwargwadon yawan Musulminta, su ma mazauna Saudiyya an ƙayyade musu sai bayan shekara biyar-biyar.

Jamusawa sun nuna cewa rahusa ba ta kashe ƙungiya. A can akwai ƙa'idar da ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a kusan duk ƙungiyoyi, kuma ba su daina kallo a tsaye ba. A filin Borussia Dortmund mai ɗaukar mutum sama da dubu 81, ɓangare guda, wanda ake wa laƙabi da katanga mai ruwan ɗorawa, yana ɗaukar kusan dubu 25 a tsaye. Magoya bayan Union Berlin kuwa, tsakanin 2008 da 2009, sama da mutum dubu biyu ne suka ɗauki shebur da siminti suka gyara filinsu kyauta. Wa zai iya duban idon waɗannan ya ce kuɗin baƙo ya fi nasu?

Duk wannan tsari banza ne idan ba a toshe 'yan bumburutu ba. Tun 1994 sayar da tikitin ƙwallo ta bayan fage laifi ne a Ingila, amma cinikin ya koma intanet, a shafukan da ke zaune a wasu ƙasashe. Tikitin fam 9 da aka ba ɗan unguwa yana iya zama na fam ɗaruruwa kafin magariba, kamar takin gwamnati da ake raba wa manomi da safe a gan shi a kasuwa da yamma. Barcelona, bayan abin da ya same ta, ta koma rubuta sunan mai tikiti a wasannin Turai. Yawanci wanda 'yan bumburutun ke yanka shi ne baƙon nan namu, da ya sha wuyar biza ya isa ƙofar fili.

Akwai kuma wani mutum na uku da ba a ambata a musun gidan kallo. A wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai na 2022 a birnin Paris, fili mai kujera dubu 75, Liverpool da Real Madrid kowacce wajen dubu 20 aka ba ta. Cikin ragowar, an sayar da wani kaso ga jama'a, sauran kuma suka tafi ga hukumomin ƙwallo da kamfanoni da gidajen talabijin da manyan baƙi. Ɗan gari da baƙo suna ta cacar baki a kan gutsure, alhali wani ya riga ya yanki tsoka ya shige ɗaki mai gilashi. Su wane ne waɗannan, ta yaya attajiran Amurka da masarautun Larabawa suka mallaki ƙungiyoyin da ma'aikatan jirgin ƙasa da maƙera suka kafa, kuma me ya sa a wajenmu gwamnonin jihohi ne ke riƙe da akalar? A babi na gaba za mu hau bene mu leƙa ɗakin nan.